Akwatin Malam: Mai Shari'ar Ƙauye da Gidansa a Jazira da Shuɗin Nilu

 

   

Da aka nemi in yi magana a kan shari'a da zaman jama'armu a ƙasar nan ta Sudan, sai na ga ya fi in tsaya a kan mutum guda da gidansa. Kowane ƙauye namu, daga kambunan Jazira har garuruwan bakin kogi da ke kudu da Sinnar, ya san wannan mutum. Zaurensa ake nufa in an yi rasuwa, ko za a ɗaura aure, ko bashi ya yi gardama, ko iyakar gona ta ɓace bayan damina. A wani garin alƙalin sarki ne, a wani liman, a wani kuma mazun mai rubuta aure. Ni zan kira shi mai shari'ar ƙauye. Abin da nake so mu tashi da shi yau shi ne: jama'ar da ta yi hijira da ƙafa biyu take tsayawa, amanar irin wannan mutum da kuma takardar da ya adana. Amanar mun riƙe ta gam. Takardar ce muka yi wa riƙon sakainar kashi, kuma mun ɗanɗana kuɗarmu.

Alƙalai biyu, tambaya ɗaya

Zamanmu a nan da fatawa ya fara. Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Tambayar da ta tsaya wa malamai a wuya ita ce: Musulmin da aka ci ƙasarsa, zama zai yi ko tashi? Alƙali Abdullahi ɗan Ali ya rubuta risala yana kafa hujja cewa hijira ta wajaba. Alƙalin Gwandu, Ahmadu ɗan Sa'adu, ya aika wa Waziri Buhari na Sakkwato da nasa ganin, cewa in kowa ya watse babu wanda zai saura ya tsayar da salla da shari'a ga talakawan da ba su da halin tafiya. Littattafai iri ɗaya suka karanta, Allah ɗaya suke tsoro, amma suka saɓa. Waziri Buhari ya zauna. Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗauki hanyar gabas, ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903.

Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka ci gaba, har suka sauka a Shehu Talha a bakin Shuɗin Nilu wajen 1906, daga baya suka haye kogi suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa har yau. Wasu ayarin sun riga su, wasu sun biyo baya shekara da shekaru, galibi da niyyar hajji, guzuri ya ƙare suka tsaya neman na gaba, neman ya zama zama. Mutanen nan sun bar gonaki da rumbuna da kaburburan iyaye. Abin da ba su yarda sun bari ba shi ne gafaka. A cikinta akwai Risala ta Ibn Abi Zaidi, da Muhtasar na Halilu, da Tuhfa ta Ibn Asim wadda alƙalai ke haddacewa, wani ma har da Liya'ul Hukkami na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Kotu sukutum aka ɗauko a kan jaki, aka ƙetare Borno da Wadai da Darfur da Kurdufan da ita.

Zauren Malam

Na tashi na tarar da irin wannan gida a unguwarmu, kuma ina jin yawancinku kun tarar. Zaure ne na ƙasa, da buzu a shimfiɗe, da alluna jingine a bango. Can ƙarƙashin gadon angarib akwai akwatin ƙarfe mai kwaɗo, mabuɗinsa a ɗaure jikin carbin Malam. Rana ɗaya aka buɗe shi a gabana ina yaro. Na ga takardu a naɗe cikin tsumma, wasu da Larabci wasu da ajami: wane ya karɓi buhu kaza na dawa, zai biya bayan girbi, shaidu wane da wane. Na ga wasiƙa daga Haɗeja, ta yi watanni a hannun alhazai kafin ta iso. Na ga ƙullin 'yan kunnen zinariya na wata marainiya, an rubuta sunanta a jikin ƙyallen, ana jiran ranar aurenta. Rabin asirin garinmu yana cikin akwatin nan, kuma ban taɓa jin ko kalma ɗaya ta fita daga gidan ba.

Aikin ba na Malam kaɗai ba ne, na gidan ne gaba ɗaya. Babban ɗa shi ne magatakarda: shi ke dama tawada, shi ke rubutu Malam yana faɗa, da haka yake sanin yadda ake tsara magana ta zama hujja tun kafin gemu ya fito masa. Ƙananan su ne 'yan aike, su kira shaida, su kai sammaci na baka. Uwargida kuwa, wadda duk gari ke kira Inna, ita ce ƙofar da mata ke bi. Abin da mace ba za ta iya furtawa a zaure gaban maza ba, a ɗakin Inna take faɗinsa ana shan gahawar jabana, da dare kuma maganar ta isa kunnen Malam a tace, ba tare da an tozarta kowa ba. Aure nawa aka ceto a wannan ɗaki, Allah kaɗai ya san adadi. 'Ya'yan gidan mata suna tashi da sanin idda da sadaki da rabon gado kamar yadda suka san tuƙa tuwo, in an aurar da su kuma su tafi da sanin nan wani gari.

Gidan ba na masu kuɗi ba ne. Malam yana noman dawarsa kamar kowa, 'ya'yansa suna tsinkar auduga a hawashar wani, wato gonar hayarsa. Abin da aka kawo na alheri a karɓa, wanda bai kawo ba ba a tambaye shi. Jarin gidan guda ɗaya ne, wato a ce ba a taɓa kama su da ƙarya ba. Shi ya sa tarbiyyar yaran gidan ta fi ta kowa tsanani. Yaron da ya ɗauko zancen zaure ya kai dandali ya yi wa gidan ɓarnar da ta fi gobara.

Bari in nuna muku aikin da idonku. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu, da mace ɗaya. Bayan sadakar bakwai Malam ya zo da dattawa biyu da suka san farashin kasuwa, aka yi wa awaki da jaki da buhunan dawa kuɗi. Kafin a taɓa komai sai ya tambaya: an biya likkafani? Akwai mai bin mamaci bashi? Ya yi wasiyya? Sannan ya juya wajen labule ya ce, "'Yata, akwai sauran sadakinki a kansa?" Ta ce, "Allah gafarta Malam, akwai, amma na yafe." Ya ce, "Kada kunyar surukai ta sa ki yafe. Karɓi haƙƙinki tukuna, in ya shiga hannunki ki ba wanda kika so." Daga nan ya share ƙasa da tafin hannu ya zana lissafi. Mata tana da tumuni, uwa tana da sudusi, asalin rabo 24 ke nan: 3 na mata, 4 na uwa, saura 17. Sha bakwai ba ta rabuwa biyar, sai a ninka duka sau biyar ya zama 120. Mata 15, uwa 20, kowane ɗa namiji 34, 'ya mace 17. Ɗaya daga cikin mazan ya daɗe da wucewa Makka. Aka ƙulle rabonsa, aka rubuta, aka saka a akwati. Nan ya zauna har aka sami amintaccen alhaji mai tafiya.

Wannan ya kawo mu ga matsalar da ta fi kowace yawa a tsakanin mutanen hanya. Miji ya ce zai je Sawakin ya ƙetare teku ya sauke farali ya dawo. Shekara ta wuce, biyu ta wuce, babu shi babu labarinsa. Matar ba bazawara ba, ba mai takaba ba, ba kuma mai miji a gida ba. Mazhabar Malikiyya da kakanninmu suka zo da ita ta yi wa wannan baiwar Allah mafita. In ta kai ƙara aka bincika ba a same shi ba, za ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta yi aure. In bai bar mata abin ci ba, ana iya raba auren tun kafin haka saboda rashin ciyarwa. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai shekarunsa sun kai inda tsaransa ba su cika wucewa ba, abin da aka fi sani shi ne saba'in. Wani abin da ya fi dacewa da halinmu: inda babu alƙali, jama'ar Musulmi masu adalci suna tsayawa a madadinsa. Da wannan hukunci ƙauyen da bai kai gida talatin ba, a tsakiyar dajin Dindir, ya iya warware wa mace ƙullin rayuwarta.

Ranar da doka ta zo da wani harshe

Amma ƙasar da muka sauka tana da nata masu mulki. Tun 1899 Ingila da Masar ke riƙe da Sudan, kuma sun kafa kotuna iri biyu: na dokar gwamnati, da na shari'a masu duba aure da saki da gado, waɗanda aka yi wa doka a 1902. Babban alƙalin ƙasa daga Masar ake kawo shi har zuwa 1947, kuma da mazhabar Hanafiyya ake hukunci, alhali mutanen ƙasa da mu baƙi duk 'yan Malikiyya ne. Sai a zamanin Shaihu Mustafa al-Maragi, wanda ya riƙe kujerar daga 1908 zuwa 1919, aka soma shigo da hukuncin Malikiyya a kan matar da aka bari babu ci babu sha da wadda ake cutarwa. Abin da Malam ke yi a zaure ya ci gaba, to amma ƙarfinsa ya tsaya a bakin gari. In magana ta kai Sinja ko Wad Madani, hatimi ake tambaya. Auren da dattawa ashirin suka shaida, in babu gasima, wato takardar aure, daga hannun mazun, sai an sake neman shaidu kafin kotu ta san da shi.

A 1925 aka gama madatsar Sinnar, ruwa ya shiga Jazira, aka buɗe babban aikin noman auduga. Ƙarfin iyayenmu ya shiga ginin, ya shiga haƙar magudanai, ya shiga tsinka. A farkon shekarun 1930, da farashin auduga ya faɗi mutane da yawa suka saki hawashoshinsu, namu suka karɓa suka riƙe. Amma hawasha haya ce mai rajista a ofis, ba gonar gado ba ce da Malam zai zana wa lissafi a ƙasa. Wanda sunansa ke cikin littafi shi ne mai ita. Mafi yawan mutanenmu kuwa ko hawashar ba su samu ba, a kambo suka zauna, bakin magudanar ruwa, a filin da ba a rubuta shi da sunan kowa daga cikinsu ba. Kaka ya mutu a nan, jika ya yi furfura a nan, amma a takarda babu gari a wurin.

Sai babbar matsalar. Dokar jinsiyya ta 1957 ta ce ɗan ƙasa shi ne wanda shi ko iyayensa maza suke zaune a Sudan tun ranar 31 ga Disamba 1897. Ku lissafa da kanku. Wanda ya iso tare da Mai Wurno ya makara da shekara tara. Wanda kakansa ya zo tun zamanin Mahadi ko kafin haka, kuma suna da yawa, sai ya kawo hujja, hujjar kuwa takarda ce ko shaidun da ofis ya yarda da su. Daga baya an sassauta shekarar, amma kafin nan yara nawa aka mayar daga ƙofar makaranta, samari nawa aka hana aiki? A wannan zamani ne wani sabon mutum ya shigo rayuwarmu, ardahalji, mai teburi a gindin bishiya ƙofar kotu, wanda ke rubuta wa mutum ƙorafi da Larabcin ofis a biya shi. Dattijon da ya haddace Tuhfa sai ga shi tsugune gaban wannan teburi, yana faɗa da Hausa, wani yana fassarawa, na uku yana rubutawa. Kafin magana ta ƙetare baki uku, rabinta ya zube a hanya.

Wani gida a ƙasar Wels

A nan zan ɗauke ku zuwa nesa, domin akwai mutanen da suka shiga irin halinmu suka sami dabara. Sarauniya Biktoriya ta hau gadon Ingila a 1837, shekarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno, ta mutu a 1901, saura shekara biyu a yi Burmi. A zamaninta kowane ƙaramin gari yana da lauyansa, wanda aikinsa ya yi kama da na Malam ƙwarai: shi ke rubuta wasiyya da cinikin fili da yarjejeniyar aure, shi ke riƙe dukiyar marayu, ofishinsa cike da akwatunan ƙarfe, kowanne da sunan gidan da ke da shi. Yaro yakan yi shekara biyar yana koyon aiki a hannun babba kafin ya ci jarrabawa, sana'ar kuma takan bi gida daga uba zuwa ɗa.

A arewacin Wels, inda mutane ke da harshensu dabam amma kotu da Ingilishi take magana, an yi wani maraya mai suna Loyid Joj, haifaffen 1863. Ubansa malamin makaranta ne, ya mutu yaron yana shekara ɗaya. Kawunsa Ricad Loyid, baduku mai ɗinkin takalma kuma mai wa'azi a ƙaramar majami'a, ya ɗauki uwar da 'ya'yanta ya riƙe. Da yaron zai yi jarrabawar shiga aikin lauya, wadda ke buƙatar Faransanci, sai kawun ya zauna da ƙamus suna koyo tare. Ya ci jarrabawar ƙarshe a 1884, ya buɗe ofis a ɗakin baya na gidan kawun a garin Criccieth, ƙanensa Wiliyam ya shigo suka haɗu a 1887.

A 1888 wani tsoho mai fasa dutse ya mutu a ƙauyen Llanfrothen, ya bar wasiyya a binne shi kusa da 'yarsa, bisa tsarin ɗarikarsa. Limamin cocin gwamnati ya kulle maƙabarta ya hana. Filin kuwa wata mata ce ta ba gari kyauta a 1864, jama'a suka kewaye shi da katanga suna binne mutanensu, sai a 1881 aka sa ta ta rubuta takarda mai sharaɗin da ya fitar da sauran ɗariku. Loyid Joj, yana ɗan shekara 25, ya ce da dangin su buɗe ƙofa su binne mamacinsu, shi zai tsaya musu. Hujjarsa ita ce kyautar ta riga ta tabbata tun ranar da aka bayar aka karɓa, takardar baya ba ta da abin da za ta ƙwace. Allah gafarta malamai, wannan ai ita ce maganar hauzi da ke cikin littattafanmu: kyauta in an karɓe ta ta fita hannun mai ita. Alƙalin lardi ya ba limamin gaskiya, aka ɗaukaka ƙara zuwa Landan, manyan alƙalai suka rushe hukuncin.

Shekara biyu bayan haka aka zaɓe shi ɗan majalisa. A lokacin ba a biyan 'yan majalisa albashi, sai a 1911 aka fara. Wiliyam ne ya zauna a gida yana rubuta wasiyyoyi da takardun gonaki, yana ciyar da gidan wansa shekara da shekaru, kuma bai bar aikin ba har ya rasu a 1967 yana da shekara 101. Wan kuwa ya zama ministan kuɗi, daga baya firayim minista daga 1916 zuwa 1922. Yana ministan kuɗi ne, a 1913, majalisar Ingila ta tsaya wa Sudan lamunin fam miliyan 3, wani kaso daga cikinsa domin noman audugar Jazira. Madatsar da ke arewa da mu kaɗan, wadda iyayenmu suka ɗauki dutsenta a ka, da hannun wannan lauyan ƙauye a cikin kuɗinta.

Ban kawo labarinsa don in wanke mulkin mallaka ba, mun san abin da ya yi mana. Na kawo shi ne don ku ga abin da gida ɗaya na talakawa ya yi. Ba su saki harshensu ba, ba su saki addininsu ba, amma sun tura ɗansu ya koyi harshen kotu har ya fi masu shi iyawa, ya dawo ya tsaya wa mutanensa. Baduku ya sadaukar da ajiyarsa, ƙane ya sadaukar da sunansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kano ta sha daga rijiyar da muke zaune a bakinta

Wani abin da ya kamata ya tsaya mana a rai shi ne 'yan'uwanmu da suka zauna a gida sun ɗebi ilmin shari'a daga ƙasar nan. Da aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano a 1934, daga Sudan aka ɗauko malamanta, cikinsu har da Shaihu Bashir ar-Rayyah. A 1958 Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat, shi ya shugabanci kwamitin da ya duba tsarin shari'ar Jihar Arewa, kuma dokar laifuffuka da ta fara aiki can a 1960 a kan ta Sudan aka gina ta. Alƙalin Alƙalan Arewa na farko, Shaihu Awad Muhammad Ahmad, mutumin Sudan ne, kuma wanda ya gaje shi a 1962, Shaihu Abubakar Gumi, ya yi karatu a Bahtar Ruda kusa da Duwaim. Mutane sun yi tafiyar wata da watanni sun zo sun sha. Mu da muke bakin rijiyar, 'ya'yanmu nawa muka tura? Akwai waɗanda suka yi, sun zama lauyoyi da alƙalai, muna alfahari da su, Allah ya yi musu albarka. Amma in aka gwada da yawanmu da yawan matsalolinmu, ba su kai cikin cokali ba.

Abin da wuta ta koya mana

Ba sai na tuna muku Yulin 2022 ba. Maganar sarauta da mallakar ƙasa ta zama jini a Rusairis da kewayenta, ta sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba. An rasa ɗaruruwan rayuka daga kowane ɓangare, dubun dubata suka bar gidajensu. Maƙwabtan da aka yi shekara da shekaru ana cin kasuwa ɗaya, ana jana'iza tare, suka zama abokan gaba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, namu da nasu. Tambayar da ke ƙarƙashin rikicin ita ce wadda Malam ya saba warwarewa a zaure: wa ya ba wa, yaushe, a kan wane sharaɗi, su wa suka shaida? Waɗanda suka ba da filin da waɗanda suka karɓa duk sun kwanta dama, an bar jikoki kowa da labarin da ya ji a gidansu.

Kafin raunin ya warke sai yaƙin Afrilu 2023 ya ɓarke. Wad Madani ta faɗi a Disamban shekarar, Sinja ta bi a tsakiyar 2024. Mutane sun fita da kayan jikinsu. Da aka fara komawa, wasu sun tarar da akwatin an fasa, takardu sun zama toka ko ruwa ya cinye. Yau a garuruwanmu akwai matan da ba su san ko mazansu na raye ba, akwai marayun da ba wanda ya san abin da ubansu ya bari, akwai gonakin da wani ya shiga. Duk matsalolin da kakanninmu suka tarar a hanyar hijira sun dawo mana a lokaci ɗaya, ga shi dattawan da suka san bakin zaren suna ƙarewa.

Saboda haka ina da roƙo, kuma zan bi ku ɗaya bayan ɗaya.

Iyayen ƙasa, ku sa a zauna da tsofaffin kowane gari tun suna da rai, a rubuta yadda aka sauka, wa ya ba da wuri, ina iyaka ta tsaya. A yi zaman tare da shugabannin maƙwabtanmu, su ma su sa hannu, domin takardar da ɓangare ɗaya ya rubuta shi kaɗai ba ta kashe gardama.

Malamanmu, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ku faɗa wa mutane a kan mumbari cewa neman a rubuta ba rashin yarda ba ne, bin umarni ne. Duk auren da kuka ɗaura ku ga an karɓi gasima, duk gadon da kuka raba a ba kowane magaji kwafinsa.

Iyayena mata, ku ne kuka fi cutuwa in takarda ta ɓata. Ku riƙe gasimarku a hannunku, ku yi wa kowane jariri takardar haihuwa da lambar ɗan ƙasa, mace da namiji. Aikin Inna na nan yana jiran mai yi, kuma yau 'yarki tana iya yin sa da shaidar jami'a a hannu.

Ƙannena ɗalibai, ku buɗe akwatunan da suka tsira, da izinin masu su. Ku ɗauki hoton kowace takarda da wayarku, ku ajiye kwafi a wurare dabam-dabam, ku koyi karanta ajami tun masu iya shi ba su ƙare ba. Asirin mutane kuma ku rufe shi yadda gidan Malam ya rufe. Kowane gari ya zaɓi yaro ɗaya ko yarinya ɗaya mai kai da amana, a haɗa kuɗi a tura karatun shari'a, da sharaɗin ya san Risala kamar yadda zai san dokar ƙasa, ya iya sauraron tsohuwa da Hausa ya tsaya gaban alƙali da Larabci. Wanda ya zauna gida yana noma don ɗan'uwansa ya yi karatu, shi ma ladansa ba ya ɓata.

Kakanninmu sun ɗauko shari'a a kan jaki daga Sakkwato har bakin wannan kogi, ba su bari ta faɗi a hanya ba. Kada ta faɗi a hannunmu muna zaune. Kowa ya koma gida yau ya tambayi babban gidansu inda takardunsu suke, in babu, gobe a fara rubutawa.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa, ya jiƙan magabatanmu.